Borisin Da Ya Hana Mota Zuwa Jugu

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a bakin babban titin da ya ratsa Paraku ya san motocin Kwatano. Ana sauke su daga jirgin ruwa, a jera su a filayen Sekanji, daga nan kowace ta kama hanyar gidan wanda Allah ya rubuta zai hau ta. Kowace mota tana zuwa da takardunta na kwastan, amma tarihinta can Turai take barinsa. Wa ya hau ta a Jamus ko Beljiyam, sau nawa aka sake mata baƙin mai, me ya sa mai ita ya rabu da ita, duk babu mai gaya maka. Mai saye ya duba fenti, ya shafa kujeru, ya saurari inji na minti biyar, shi ke nan sai ciniki.

Mu nan Fijo muka sani, musamman 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Ciwon injinta ba ɓoyayye ba ne. Idan kusine ya cinye, wato waɗannan ƙarafa masu kama da rabin awarwaro da karanshaf ke juyawa a cikinsu, sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa, inji ya riƙa bugawa kamar ana daka a maƙwabta. Ko yaron gareji na shekara ɗaya ya san wannan sauti. A sauke inji, a kai karanshaf wurin masu feƙewa, a sa sababbin kusine masu ɗan kauri, mota ta koma hanyar Malanbil. Ciwo ne mai sallama kafin ya shigo. To wanda zan ba ku labarinsa yau ba ya sallama.

A shekarar 2022 ɗan wani maƙwabcina a Albarika, Alhaji mai fataucin albasa, ya dawo daga Kwatano da wata ƙaramar mota mai kujera biyu, Porsche Boxster ƙirar 2003. Ƙasa-ƙasa take, rufinta na naɗewa, injinta kuma a bayan kujeru yake. Yaran unguwa suka yi kwana uku suna kewaya ta. Saura mako biyu a ɗaura masa aure a Jugu, kuma kowa ya gane da wace mota ango yake nufin shiga gari.

Ya kai ta gareji don a yi mata bidanj. Makaniken dattijo ne, ya fi shekara talatin yana kwance Fijo da Toyota, bai yi boko ba, amma yana da wata ɗabi'a da nake so kowane makanike ya ɗauka: ba ya zubar da tsohon mai sai ya dube shi. Da ya shiga ƙarƙashin motar sai ya ga danshin mai daidai inda inji ya haɗu da akwatin giya. Bai san motar ba, bai kuma yi kamar ya sani ba. Ya aiko yaro makaranta a kira ni, domin ni ne mai karanta masa takardun mota idan sun zo da Faransanci ko Ingilishi. Muka yi dare biyu, shi da shayinsa ni da wayata, ina karantawa ina fassarawa, yana zana abin da ya fahimta a ƙasa da tsinke.

Ga abin da muka gano. A injin wannan mota akwai wata sanda a ƙarƙashin karanshaf, ana ce mata sandar tsakiya, masu mota kuma suna taƙaita sunanta da haruffa uku, IMS. Ita ce ke karɓar juyi daga karanshaf ta miƙa wa sarƙoƙin da ke buɗe bawul su rufe shi a kan lokaci. Ƙarshen sandar na wajen kuloci yana zaune a kan boris, wanda mu nan muka fi kira rulma, irin mai ƙwallaye a ciki, kuma bai kai tafin hannu ba. An cika shi da giris tun daga masana'anta, an rufe da roba ta kowane gefe. To da zafi da tsufa sai robar ta bushe, baƙin mai ya riƙa silalawa ciki ya wanke giris ɗin, kuma man da ke shiga bai isa ya maye gurbinsa ba. Ƙwallayen su fara cin juna. Ran da borisin ya watse, sanda ta karkace, sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya haɗu da bawul, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. A nan ba maganar gyara ake yi ba, sai dai neman wani inji, kuma kuɗinsa kan kusa kai kuɗin tsohuwar motar gaba ɗaya.

Ba duk Porsche ke da wannan lalura ba. Cayenne da ake gani a titunan Kwatano injinta daban ne. Abin ya shafi Boxster da yawancin 911 tun daga wajen 1997. Na farko-farko borisinsu mai layi biyu ne na ƙwallaye, kuma ya fi juriya. Daga wajen 2000 zuwa 2005 aka koma mai layi ɗaya, shi ne ya fi yin ɓarna, har masu motoci a Amurka suka haɗu suka kai ƙara, aka sasanta a 2013. Alƙaluman da suka fito a shari'ar sun nuna kusan 8 cikin 100 na masu layi ɗaya sun lalace, masu layi biyu kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Daga 2006 aka sa wani babba wanda ba ya fita sai an raba inji biyu, a 2009 kuma aka fito da sabon inji wanda babu sandar ma sam. Motar ɗan Alhaji ta faɗo a tsakiyar shekarun da ake tsoro.

Da gari ya waye dattijon ya ciro filta ya baje ninkin takardarta a rana, ya bi ta da mayen ƙarfe layi-layi. Ya ce mini, Malam, in mayen ƙarfe ya kama wani abu, to borisin ya riga ya fara zuba, in kuwa ka ga ƙyalli bai kamu ba, wannan daga wani wuri ne. Ya samu 'yan ɓurɓushin roba masu ruwan ƙasa, irin na abin da sarƙa ke gogawa, amma ƙarfe ko ɗaya. Ya kwance murfin ƙasan inji ya duba, nan ma wayam. Wato da sauran lokaci.

Nan fa rigima ta tashi. Ango ya ce motarsa lafiya lau take, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, don me za a farke ta? Kuma in an bi lissafi, ai 92 cikin 100 ba su lalace ba. Ni ban ga laifinsa ba a wannan tambaya, domin haka duk muka tashi: ba a taɓa abu sai ya tsaya. Amma wancan lissafi na motoci ne masu ƙuruciya, a ƙasashen da ake sake mai a kan kari. Tasa shekararta 19, babu wanda ya san me ta sha a baya, ga zafin watan Maris na Paraku, ga yoyon mai daidai ƙofar borisin. Yoyon yana iya zama daga robar karanshaf, wadda ita ma a nan take, amma babu yadda za a bambance sai an sauke akwatin giya. Jugu kuma ta fi kilomita 130, kuma babu gareji tsakanin nan da can da zai iya taɓa wannan inji.

Alhaji ne ya raba gardama. Ya saurari dattijon har ƙarshe, sannan ya juya ga ɗansa ya ce, kai yaro, ni albasa nake sayarwa, in na ji wari a buhu ɗaya ba na jira sai mota ta isa Kwatano kafin in zazzage shi. Yaron ya ce, to Baba. Bai ji daɗi ba, har kwana biyu bai gaishe ni da kyau ba.

Aikin kansa yana da wani tarko da ya kamata duk mai irin motar ya sani: ba a yin odar borisin da shekarar da ke jikin takarda. Mai yiwuwa an taɓa sauya injin a Turai, a sa wanda borisinsa daban. Sai an sauke akwatin giya, an cire kuloci da faifan ƙarfen da yake kamawa, a ga murfin borisin ido da ido. In noti ɗin tsakiya na sifana 13 ne, to ana iya ciro shi daga waje. In na 22 ne, babban ne, sai a haƙura. Kwarmin murfin in mai zurfi ne, layi ɗaya ke nan, in marar zurfi ne, layi biyu. Namu 13 ne, mai zurfi. Sai a lokacin aka aika wa wani ɗan'uwan Alhaji a Faransa ya sayo borisin tare da abin zaro shi da ƙarafan kulle inji, aka haɗa da sabon kuloci da robar karanshaf, tunda an riga an buɗe. Motar ta yi mako biyar a kan katako an lulluɓe ta da tamfol. Ango ya shiga Jugu a Toyotar kawunsa, aka ɗaura aure lafiya.

Ran da kaya suka iso na nemi wani malami ya riƙe mini aji na yamma. Dattijon ya juya inji da hannu har fistin na farko ya hau ƙololuwa, ya soka ƙusa ya kulle karanshaf, ya kulle kamshaf, sannan ya cire abubuwan da ke ɗaure sarƙa. Ya maimaita wa yaransa sau uku cewa duk wanda ya cire murfi kafin wannan, sarƙa za ta ja sandar gefe, lokacin inji ya rikice. Sabon borisin kuwa tun daren jiya yana cikin firijin wata mai sayar da zoɓo, domin sanyi na sa ƙarfe ya ɗan tsuke ya shiga gurbinsa ba tare da duka mai yawa ba.

Da tsohon ya fito, wani baƙin mai mai warin ƙuna ya biyo bayansa daga cikin sandar. Robar ta yi tauri kamar busasshiyar fata, giris babu ko ɗigo. Dattijon ya miƙa wa ango ya ce, juya shi kusa da kunnenka. Ya juya, yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba masa yashi, yana kuma girgiza a hannu. Yaron ya daɗe yana juya shi bai ce komai ba.

Sabon ma ba na har abada ba ne, masu yin sa sun ƙayyade masa shekaru da tafiya. Don haka kafin a ba da makulli dattijon ya sa na rubuta a takarda, da Hausa da Faransanci, ranar aikin da kilomitan da motar ta yi da irin borisin da aka sa, aka naɗe a leda aka ajiye a aljihun gaban motar tare da takardun kwastan.