Ƙofa Huɗu, Mariƙi Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar haya daga Rogo zuwa birnin Kano ya san wata al'ada wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. Mota tana da ƙofa huɗu, amma mariƙin ɗaga gilashi guda ɗaya ne, kuma yana wajen direba. In zafi ya dami fasinja, sai ya ce, "Direba, miƙo mana abin nan." A miƙa masa, ya ɗora a kan ɗan ƙarfen da ya leƙo daga jikin ƙofa, ya murɗa, sa'an nan ya mayar wa mai shi da ladabi kamar wanda ya ari allura.

Akwai wani direba mutumin Rogo da ya daɗe a kan wannan al'ada. Motarsa Peugeot 504 ce doguwa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Wajen mahaifinsa ya gaje ta. In aka tambaye shi inda sauran mariƙai uku suka tafi, amsarsa ɗaya ce: fasinja ba su da tausayin kayan mutane. Ya sha sayen sabo, in ji shi, amma ba a yin wata uku sai wani mai ƙarfin hannu ya kashe shi. Da haka ya ƙudure cewa bawa fasinja mariƙi tamkar bai wa kura ajiyar nama ne.

Wata rana cikin watan Agusta aka ɗauke shi shata domin kai wata tsohuwa asibiti a Kano, tana fama da ciwon ƙirji. Da safe akwai zafi, saboda haka aka sauke gilashin gefenta. Ba su daɗe da wuce Ƙaraye ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece da iska. Ɗan tsohuwar ya karɓi mariƙi ya murɗa. Mariƙi ya juya, ya sake juyawa, gilashi ko motsi. Direba ya tsaya ya gwada da kansa, ya danna, ya tura, a banza. Daga bisani ɗan ya tuɓe rigarsa ya tare taga da ita, haka ya riƙe ta da hannu biyu har birni. Da za su rabu bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, Allah ya sa kada sanyin nan ya ƙara mata." Direban ya ce da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya kai motar wajen wani dattijo mai gyaran ƙofofin mota a nan Rogo, ya ce, "Baba, wani mariƙin nake so." Dattijo bai kula maganar ba. Ya juya tsohon mariƙin ya nuna masa cikinsa. A asali ramin nan yana da ƙananan haƙora waɗanda suke shiga tsakanin na ƙarfen ƙofa, kuma da wannan cizo ne juyawar hannu take isa ga gilashi. Yanzu ramin ya zama sumul kamar dasashin jariri. "Wannan ya mutu," in ji shi, "amma ba mu ga wanda ya kashe shi ba tukuna."

Ya kwance madogarar hannu, ya sa sukudireba ya ɓanɓare marfin ƙofa a hankali don kada maɓallansa su karye. Abin da ke ciki ba shi da kyan gani. Giris ɗin da aka shafa wa ƙarafa tun shekaru aru-aru ya sha ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya har ya daskare kamar katsi. Magudanar da gilashi yake bi ta cika da yashi, robar da ke cikinta ta bushe ta tattare. A can ƙasan ƙofa kuwa, ƙofofin da aka huda domin ruwa ya fita sun toshe da laka, ruwan damina ya kwanta, tsatsa ta kama aikinta. Dattijo har ya zaro ɓawon rake da wani tsohon kwabo mai huda, wanda aka daina kashewa tun zuwan naira a 1973. Yadda ya shiga ƙofar motar da aka ƙera bayan zamaninsa, Allah kaɗai ya sani.

Daga nan bayani ya fito fili. Gilashi ya yi nauyi, dole mai murɗawa ya sa ƙarfi. Haƙoran mariƙi kuwa sun fi na ƙarfen ƙofa taushi, saboda haka su ne suke cinyewa. Ko hannun wa aka ba, haka za a yi. Mariƙi guda da ake cirewa ana mayarwa sau goma a yini, ba tare da abin da zai danne shi a mazauninsa ba, ya ma fi saurin lalacewa, domin rabin haƙoransa kaɗai ke cizo.

Gyaran bai ɗauki dogon lokaci ba. Aka wanke ƙarafa da kananzir da tsohon burushi, aka share magudana, aka sa sabon giris, aka tsokale ƙofofin ruwa da waya. Dattijo ya ɗauko wani mariƙi daga cikin tarkacensa ya ɗora, ya murɗa da yatsa biyu, gilashi ya tashi sulu. Direban ya tsaya shiru yana kallo. Ya tuna mutane nawa ya yi wa tsawa a kan wannan ƙofa, har da wata yarinya 'yar makaranta da ya sa ta biya kuɗin mariƙi tana kuka.

"Baba, sauran ukun ma a buɗe su," in ji shi.

Da ya shiga Kano ya biya ta Ƙofar Ruwa, ya sayo mariƙai uku na hannu, aka ɗaura wa kowace ƙofa nata. Ya kuma nemi labarin tsohuwar, aka ce masa an sallame ta. Har yanzu in mota ta tashi daga tasha akan sami wanda zai ce daga baya, "Direba, miƙo abin nan," shi kuma sai hannunsa ya nufi aljihu kafin ya tuna, ya ce, "Duba gefenka, Alhaji."