Tsarkin da Yake Bin Mu Har Kasuwa

Karatu: Littafin Firistoci 19, 1 Bitrus 1:13-19



Kalmar tsarki ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Tana rubuce a bangon littafin da muke riƙewa, tun daga cikakkiyar fassarar Hausa ta 1932 har zuwa wadda take cikin wayoyinmu yau. Da ita muke kiran Ruhun Allah, muna kuma rera ta kowace Lahadi. Amma idan aka yi tambaya a taron zumunta cewa yaya ake gane mai zaman tsarki, amsoshin sukan zo kusan iri ɗaya: ba ya shan giya, ba ya fasikanci, ba ya fashin sujada, yana azumi, tana sa suturar kirki. Duk waɗannan gaskiya ne, ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai akwai sura guda inda Allah da kansa ya umarci jama'arsa su zama tsarkaka, sa'an nan ya bi ya bayyana abin da yake nufi dalla-dalla. Wuraren da bayanin ya kai mu sun wuce harabar majami'a nesa.

Surar ita ce ta 19 a Littafin Firistoci. Da yawa daga cikinmu idan mun ɗauki niyyar karanta Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe, a wannan littafin ne tafiya takan yi nauyi, saboda yawan dokokin hadaya. Amma wanda ya daure ya kai sura ta 19 zai ji kamar kasuwar garinsu ake kwatantawa. Allah ya ce wa Musa ya tara dukan jama'ar Isra'ila, ba firistoci kaɗai ba, ya faɗa musu su zama masu tsarki domin shi Allahnsu mai tsarki ne. Daga nan sai zance ya koma kan girmama uwa da uba, da barin gefen gona ba a girbe ba domin matalauci da baƙo su yi kala, da biyan ɗan ƙwadago hakkinsa kafin gari ya waye. Ya hana zagin kurma, ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe. Ya hana yawon tsegumi da riƙe ɗan'uwa a zuciya. Ya ce a miƙe tsaye don mai furfura, a ƙaunaci baƙo. Kusa da ƙarshe kuma ya sauko kan ma'auni da mudu, ya ce su zama na gaskiya. A tsakanin waɗannan umarnai, fiye da sau goma yana tuna musu cewa shi ne Ubangiji.

Mu lura da mutanen da aka ambata. Kurma ba zai ji zagin da aka yi masa ba. Makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutse a hanyarsa ba. Lebura ba shi da ƙarfin kai mai gida ƙara. Mai sayen hatsi ba ya juya mudu ya duba ko an buga gindinsa. Kusan dukansu mutane ne da za a cuta a kwana lafiya, babu mai tambaya. Shi ya sa Allah yake ta sa sunansa a ƙarshen umarnin: in su ba su gani ba, shi yana gani, kuma mu nasa ne.

Asalin ma'anar tsarki a Littafi Mai Tsarki ke nan, wato keɓewa. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san yadda ake yi da iri. Bayan girbi manomi yakan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya rataye ta dabam. Ko abinci ya yi ƙaranci a gida, ba a surfa ta a yi tuwo, domin tana da aikin da aka ajiye ta dominsa. Ba don ado aka keɓe ta ba, ranar da ruwa ya sauka cikin ƙasa za ta shiga. Haka Allah ya keɓe mu. Bai raba mu da jama'a don mu zauna a rumbu muna duban juna ba, ya keɓe mu ne don ya shuka mu a makaranta, a shago, a gareji, a ofis, mu zama nasa a can.

To, mu dubi zumuntarmu. A cikinmu akwai teloli, akwai masu POS, akwai masu tuƙa keke, akwai masu awo a kasuwar hatsi, akwai ɗalibai, akwai masu koyon gyaran waya. Kowannenmu yana da mudun da aka danƙa masa. Tela ya san ranar da zai iya gama ɗinki, ya kuma san ranar da yake faɗa wa mai kaya idan Kirsimeti ta matso. Ya san inda ragowar yadi take tafiya. Mai POS ya san lokacin da kuɗi suka shigo sau biyu mai su bai lura ba. Mai keke ya san farashin da yake faɗa wa ɗan gari da wanda yake faɗa wa baƙon da ya sauka a tasha da jaka. Mai gyaran waya ya san ko sabon kaya ya sa ko tsoho ya goge. Babu fasto a wurin, babu dattijon ikilisiya, babu shugaban matasa. A nan ne ake gane ko na wa ne mu.

Ga ɗalibai kuwa, gwajin yakan zo ne lokacin WAEC da NECO. Dukanmu mun san akwai wuraren da ake tara kuɗi don a shigo da amsa, har a wasu lokuta iyaye ne suke biya da hannunsu. Ɗalibin da ya ƙi shiga, yakan zama abin dariya a aji, a ce masa ko shi kaɗai ne zai shiga sama. Ba za mu ruɗi juna ba, wannan ƙin yana da tsada. Yana yiwuwa ya rasa lissafi ko Turanci, ya zauna shekara guda a gida yana kallon tsaransa suna tafiya jami'a. Allah bai yi alkawari cewa duk wanda ya ƙi satar amsa zai fito da sakamako mai ƙyalli a zama na farko ba. Amma takardar sakamako ita ma mudu ce, tana auna abin da ke cikin kai. Wanda ya tauye ta, gobe shi ne zai riƙe allura a asibiti ko ya tsaya gaban yara da alli, da ilimin da ba shi da shi, waɗansu kuma su biya kuɗin wannan algus da lafiyarsu ko da makomarsu.

Aya ta 16 kuma kamar don zamanin waya aka rubuta ta. Ta haɗa yawon tsegumi da jefa ran maƙwabci cikin hatsari a wuri ɗaya. Mu da muke zaune a garuruwan da suka ɗanɗana rikici mun san dalili. Saƙo guda da ba a tabbatar ba, ko tsohon hoto daga wata ƙasa da aka ce jiya aka ɗauka a unguwa kaza, ya isa ya rufe kasuwa ya sa iyaye gudu zuwa makaranta, wani lokaci ma ya ci ran wanda bai ji ba bai gani ba. Ɗan yatsan da ya tsaya bai tura irin wannan saƙo a WhatsApp ba, aikin tsarki ya yi, kamar yadda gwiwar da ta durƙusa cikin addu'a ta yi.

Kada mu ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba su kai a kula ba. Bo'aza manomi ne a Baitalami wanda ya kiyaye dokar gefen gona, har ya ƙara a kai, ya ce wa masu girbinsa su riƙa barin zangarku da gangan. Wadda ta zo kala kuwa baƙuwa ce, gwauruwa daga Mowab, sunanta Rut. Daga gare su aka haifi Obida, kakan sarki Dawuda, kuma sunayensu suna cikin asalin Yesu a sura ta farko ta Matiyu. Ranar da Bo'aza ya bar hatsi a ƙasa bai san da wannan ba. Biyayya kawai ya yi a gonarsa.

Wani zai ce ai wannan Tsohon Alkawari ne, mu kuwa a ƙarƙashin alheri muke. Manzo Bitrus bai ga haka ba. Da yake rubuta wa masu bi da suke warwatse a Fontus, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, yankunan da suke cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wannan kiran na Littafin Firistoci ya ɗauko, ya ce tsarkin ya shafi dukan al'amuransu. Ubangiji Yesu ma daga aya ta 18 ta wannan sura ya ɗauko umarni na biyu mafi girma, na ƙaunar maƙwabci.

Amma mu riƙe tsarin da kyau, kada mu juya shi. A aya ta 36, wurin da aka yi maganar mudu, Allah ya tuna musu cewa shi ne ya fito da su daga Masar. Ya cece su tukuna, sa'an nan ya koya musu zaman 'yantattu. Bitrus ma ya kafa kiransa a kan cewa an riga an fanshe mu, ba da azurfa ko zinariya ba, da jinin Almasihu. Cikakken mudu ba ya sayen ceto. Wanda aka saya da irin wannan tsada ne yake cika mudu, domin shi da mudun duka sun zama na Mai fansa. Ku tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba, daga baya ne ya tashi ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Don haka wanda wannan karatu ya taɓa masa wani tsohon ciwo kada ya gudu daga zumunta. Ƙofar tuba a buɗe take, gafara tabbatacciya ce, Ruhu Mai Tsarki kuma yana ba da ƙarfin mayar da abin da ba namu ba.

Ba kuma tafiyar mutum ɗaya ba ce. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ƙanwarmu ta ƙi biyan kuɗin amsa, bai isa mu tafa mata ba. Waɗanda suka iya lissafi da Turanci a cikinmu su ware yamma biyu a mako su zauna da masu shirin jarrabawa. Idan wani ya faɗi saboda ya tsaya a kan gaskiya, zumunta ta haɗa hannu a kuɗin sake rajista, ta kuma tsaya masa a gaban masu gori. Idan ɗan'uwa ya rasa ciniki don ya ƙi algus, mu kai masa namu cinikin mu kuma faɗa wa wasu. Maƙwabtanmu da yawa, Musulmi da waɗanda ba ruwansu da addini, ba za su zo su ji wa'azinmu ranar Lahadi ba, amma kullum suna sayayya a hannunmu, suna hawa kekenmu, suna kawo mana ɗinki. Abin da suka sani game da Almasihu, yawancinsa a wurin nan suke koyonsa.

A wannan mako, kowannenmu ya sake karanta surar a hankali, ya tambayi kansa: mene ne muduna, kuma wane ne kurman da ba zai taɓa jin abin da na yi masa ba? Ya zaɓi abu ɗaya, ya kawo shi gaban Ubangiji, ya kuma faɗa wa ɗan'uwa ɗaya amintacce da zai riƙa tambayarsa yadda ake ciki.

Mu yi addu'a. Ya Uba Mai Tsarki, mun gode da ka fanshe mu da jinin Ɗanka, ka keɓe mu mu zama naka. Ka tafi tare da mu aji da shago da tasha. Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a ranar da take da tsada, ka tsare harshenmu da yatsunmu, ka sa mu zama masu ɗaukar nauyin juna. Bari waɗanda suke hulɗa da mu su ga halinka su girmama sunanka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.