Kwana Biyu a Maraɗi

Idan aka ce mutum ya fita ƙasar waje shan iska, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jirgin sama da fasfo da kuɗi masu yawa. Amma mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi, in ya yi sammako ran Asabar, kafin azahar yana wata ƙasa, ran Lahadi da la'asar kuwa ya komo gida. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina kamar kilomita 60 ne, daga Katsina zuwa Maraɗi kuma kamar 90, ta Jibiya da Magama da Ɗan Isa. Sunan garin ma ba baƙo ba ne ga mutumin Kurfi, don hakiminsu shi ne Maraɗin Katsina, daga wannan tsohuwar sarauta kuwa garin ya samo sunansa.

Akwai wani akawu a Kurfi, magidanci ne, ya ba shekara arba'in baya, gwaggonsa tana aure a Maraɗi tun yana yaro. An rufe iyaka cikin Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024, a tsakanin nan kuwa tsohuwar ta yi ciwo, bai sami zuwa dubiya ba. Da hanya ta buɗe sai ya ɗaura niyya, ya ce ya gai da ita, ya kuma ga gari. Bai yarda ya tashi ba sai da rana ta fito sosai, gama hanyar nan ba a binta da duhu saboda 'yan fashin daji.

A bakin iyaka aka duba katinsa, ya canja kuɗi. Nan ne ya fara sanin ya bar gida. A shekarar nan jaka guda ta sefa, watau faran dubu, ta fi naira dubu biyu, sai ga damin takardun da ya zo da shi ya koma 'yan ƙalilan a tafin hannu. Ga kuma lissafin mutanen can, wanda sai an koya. Da dala suke ƙirga, dala guda kuwa faran biyar ce. In mai kilishi ya ce ɗari, faran 500 yake nufi. Akawu mutum ne mai son lissafi, sai ya zaro ɗan littafinsa ya rubuta wannan ƙa'ida a shafin farko.

Ɗan gwaggon nasa ya tarye shi a tasha, da yake taubasai ne sai ya ce, "Bawana, ka iso? Ina tsarabar ubangidanka?" Akawu ya ce, "Bawa ai shi ke ɗaukar kaya, ga jakata nan, kama." Suka yi dariya, suka nufi gida. Ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ta kama hannunsa ta daɗe ba ta saki ba, tana tambayar mutanen Kurfi ɗaya ɗaya, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Da la'asar suka fita ganin gari. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne tituna, miƙaƙƙu, sun gicciye juna kamar an ja su da rula. Dalili kuwa, garin farko a cikin fadama yake, bakin gulbi. Cikin 1945 ruwa ya ci shi, sai Faransawa suka mai da mutane bisa tudu, suka yanka musu filaye layi layi. Gulbin nan daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, sa'an nan ya komo ya faɗa Rima, inda ruwan Karaɗuwa da ke cika Zobe shi ma yake ƙarewa.

A ƙofar fada ne akawu ya tsaya ya yi shiru. Ya ji ana kiran mai garin Sarkin Katsina, ya ji a majalisarsa akwai Galadima da Ƙaura da Durɓi, har da 'Yanɗaka, sarautar da ya saba ji a Dutsin-Ma. Ashe abin da ya karanta a firamare ne ya gani da idonsa. Cikin 1807 jama'ar Shehu Usmanu suka ci Katsina, Malam Umarun Dallaje ya zama sarki, gidan tsohuwar sarauta suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, daga nan aka shekara da shekaru ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore. A makarantar Kurfi an koya wa yara cewa waɗannan mutane maharan da suka dami ƙasa ne. A Maraɗi kuwa taubashinsa ya ba shi labarin nan ɗaya, amma a bakinsa su ne masu gida da aka kora. Turawa suka zo daga baya suka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka bar kowa da nasa labarin.

Bayan isha'i gari ya sake kama. Iska ta yi sanyi, samari suka fito da tabarmi da 'yan butoci, kowace ƙungiya da wurin zamanta, abin da suke kira fada. Shayi uku ake sha, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, wanda ya tashi kafin na uku kuwa bai kyauta ba. Ga masu tsire da balangu da gasassun zabi, ga dogon burodin Faransawa, ga kiɗan kalangu yana tashi daga wani gidan biki. Hirar samarin rabinta ta kokawa ce, don Kantu, wanda ya fara zama zakaran kokawar Nijar cikin 1975, ɗan ƙasar Maraɗi ne.

Akwai kuma wani daren dabam, na bayan katanga, inda ake kiɗa da rawa da shaye-shaye. Tun da aka kafa shari'a a Jihar Katsina cikin 2000 wasu 'yan Nijeriya suka mai da ƙetare iyaka hanyar yin abin da suke jin kunyar yi a gida. Suna wucewa ta wata ƙofa sai akawu ya ga motoci masu lambar Katsina da Kano a jere. Taubashin ya ce, "Malam, mu leƙa ne? Ba wanda ya san ka a nan." Akawu ya nuna wata mota da ya shaida, ya ce, "Mai wannan ma haka aka gaya masa." Suka koma fada suka sha shayi na uku.

Ran Lahadi da hantsi suka je Madarunfa, suka ga tafkin da masunta a cikin jirage, suka yi addu'a a kusheyin waliyyan da ake cewa su 99 ne. Tibiri, inda Sarkin Gobir yake, ba su samu zuwa ba, don lokaci ya ƙure.

Da azahar ya yi wa Gwaggo sallama. Ta ba shi ƙullin kilishi da kwalbar man gyaɗa, ta ce, "An ce ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa nan." Ya ce, "Gaskiya ne, Gwaggo, tun 2021 aka aza harsashinta, ta Daura da Katsina da Jibiya." Ta ce, "To, in ta iso ina da rai, ka zo ka kai ni Kurfi in ga ɗakin uwata." Ya ce, "Allah ya nuna mana." Ya duba agogo, ya ɗauki jakarsa, don yana so ya wuce Jibiya tun rana tana sama.