Lamba Tana Nan, Hannu Ake Jira

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Domin haka aka tsara kundin Unicode, inda kowace alamar rubutu take da lambarta da ba ta canzawa daga na'ura zuwa na'ura.

A watan Yunin 2015 kundin ya karɓi alamomi 583 na rubutun Luwiyawa, al'ummar da ta zauna a inda Turkiyya da arewacin Siriya suke yau. An daina wannan rubutu wajen shekaru 2,700 da suka wuce. A cikinsu akwai alama ta 391 a jerin da Emmanuel Laroche ya tsara a 1960: gajerun layuka huɗu a tsaye, masu nufin huɗu, waɗanda kuma ake karantawa "mi". Babu mai magana da harshen a doron ƙasa, amma masana sun nema wa alamar gurbi har ta samu.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa sun riga ta shiga da nisa. Tun farkon shekarun 1990 ƙ take zaune a lamba 0199, ɓ a 0253, ɗ a 0257. Duk da haka, mai buga katin biki a Kazaure, garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, zai rubuta cewa za a "daura" aure a Daura, kalma biyu su zama ɗaya. Malamin firamare a Roni ko Gwiwa zai buga jarrabawa, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa.

Ba lalaci ne kaɗai ya jawo ba. Allon bugun da ya zo daga Turai ba shi da maɓallin ƙ. A saƙon waya kuwa, ƙ guda ɗaya takan rage haruffan saƙo daga 160 zuwa 70, kuɗi ya ƙaru. Mutane suka saba, sabo ya zama ka'ida.

Babba yakan gane nufi daga jimla. Yaron da ke koyon karatu a Babura abin da ya gani shi zai ɗauka daidai, haka ma na'urar da ke koyon Hausa daga rubutun intanet. Alamar Luwiyawa ta rasa masu ita, shi ya sa kundi ya zama makwancinta. Ƙ tana da miliyoyin masu ita, kuma wayoyin yau suna da allon bugun Hausa. Abin da ya rage mata shi ne yatsan da zai taɓa ta.