Maganar Layi

Akwai wata 'yar kalma ta Turanci mai haruffa huɗu wadda mu ke so mu ja hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai a kanta tun ba a rarraba mu makarantu ba, watau "line". Kowa ya san ta, gama ta riga ta shiga bakinmu ta zama layi, har tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafin boko ba ta kan faɗe ta. To, wannan sabo shi ne abin tsoro ga malami, domin yaron da ya ji kalma ta yi kama da ta gidansu ba ya tsayawa tambaya.

Asalinta daga harshen Rumawan dā ne, ma'anarta kuwa zaren lilin. Magini ya kan ja zare don bango ya miƙe, sai kalmar ta tashi daga kan zaren ta koma kan miƙewar. Daga nan Ingilishi suka yi ta ɗora mata kaya kamar jakin Kano. Igiyar shanya ita ce, igiyar fatsa ita ce, zanen da a ke ja da rula ita ce, jerin mutane, jerin kalmomi a takarda, duk ita ce. Idan Bature ya ce ka aiko masa da ita, 'yar gajeriyar wasiƙa ya ke nufi. Idan ya tambayi wacece taka, sana'arka ya ke son sani. Kamfanin Elder Dempster da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Ingila da Ikko da wannan suna a ka san shi, alhali kuwa jirgin ruwa ba ya barin zane a teku. Sarakunan Kano kuma tun daga Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819, idan mai tarihi zai jera su da Turanci da ita zai kira su. Mu kuwa sai mu ce zuriyar Dabo, ko gidan Dabo. Wa zai tsaya gaban fada ya ce layin Dabo?

Bari mu duba irin kayan da ta iso mana da su. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka kafa tasha a bayan ganuwa, ga layin dogo ke nan. Da aka yanka Sabon Gari wajen 1913, aka ja tituna a miƙe, kowane da ɗan'uwansa a gefe, ga layin unguwa. Wanda ya tashi a Madabo ko Yakasai ya san birni ba haka a ka gina shi ba. Lungu mu ke da shi, mai kwana nan ya lanƙwasa can, ya bi bayan zauren wani ya ɓulla bakin kududdufi, baƙo ya ɓace cikinsa da rana tsaka. Duk da haka kalmar ta shigo ta ƙofa ba wanda ya tare ta. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, rumfunanta kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru a jere ba da taimakon Turanci ba, amma ka tambayi inda dukawa su ke, sai a ce maka ka bi layin can. A asibiti a bi layi, a famfo a bi layi. Tun 2001 da wayar hannu ta bazu, mutum ɗaya sai ya ce layinsa biyu, kuma duka suna cikin aljihu.

Inda abin ya fi damunmu shi ne cikin aji. Mu da muka fara da allo mun san malam ba ya cewa layi. Saɗara ya ke cewa, ka wanke wannan saɗara, ka sake waccan. A masallaci liman ya kan ce a daidaita sahu, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya ce a daidaita layi ba. Kada wani ya ce muna ƙin baƙo ne, gama saɗara da sahu su ma baƙi ne, daga Larabci suka zo, sai dai sun daɗe har sun zama 'yan gari. Abin da mu ke gani shi ne kowacce tana da aikinta. Sahu na mutanen da suka jeru kafaɗa da kafaɗa ne suna fuskantar gaba ɗaya, layi kuwa ya kan zama wani bayan wani, kowa na kallon ƙeyar na gabansa. Turanci ya haɗa su a kalma guda, Hausa ta raba. Yaron da muka koya wa cewa "line" layi ce kurum, muka wuce, mun rage masa Hausarsa, Turancin kuma bai samu ba, domin ran da ya gamu da ita tana nufin sana'a ko zuriya sai ya tsaya yana neman zane.

Shawararmu ga wanda zai koyar da ita, kada ya rubuta ta ita kaɗai a allo da fassara a gefe. Ya sa ta cikin zance biyar ko shida, ya bar yara su nemo Hausar kowane da kansu. Za su yi gardama, a bar su. A nan ne wani zai tuna da jere, wani da zane, wani da iyaka. Aikin zai ci rabin sa'a maimakon minti biyu, mun kuwa san jadawali ba ya son haka.

Saura wata guda da ya kamata a gargaɗi yara a kanta. Bahaushe ya kan ce mashayi yana layi, watau yana tangaɗi, ƙafa nan ƙafa can. Kalmar Turancin ba ta da wannan ma'ana ko kaɗan, har ma 'yan sandan wasu ƙasashe su kan sa wanda su ke zargi da maye ya taka miƙaƙƙen layi, idan ya yi layi su kama shi.