Tsakanin Hoto da Hoto: Bidiyo da Leɓɓan Mutanen Adar da Ƙonni

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, mu kuwa ɗaliban kimiyyar harshe mun karɓi zancen hannu bibbiyu. A yau da wuya ɗalibi ya fita tattara bayanai da na'urar naɗar murya kaɗai. Wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar fuska da hannuwa da murya a lokaci guda, ya dawo yana ganin ya kamo magana sukutum. Sai dai bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi yake gani. Abin da ya faru tsakanin hoto da mai bi masa, ko dai ba a ɗauke shi ba sam, ko kuwa an cakuɗa shi cikin hoto guda. Nazarin da nake yi kan Hausar yankunan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ya tilasta mini sanin faɗin wannan tazara, domin abin da nake nema yakan faɗa cikinta.

Aikina a kan baƙaƙen leɓɓa ne da ke zuwa a ƙarshen gaɓa. Inda Bakano zai ce zauna, aure, ɗaure, sauka, mutumin Adar da na Ƙonni yakan ce zamna, amre, ɗamre, sabka, kamar yadda ake ji a Sakkwato. Tun ƙarshen shekarun 1920 masanin nan Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa siffofin yamma su ne na asali, Hausar gabas ce ta narkar da baƙin ya koma wasali. Paul Newman ya sake bin diddigin wannan doka a wani littafi da ya fitar a 2004. Tambayata ita ce ko matasan Galmi da Badagishiri da Tsarnawa, waɗanda suka tashi da fina-finan Kano da rediyo da zirga-zirgar kan iyaka, suna riƙe da furucin kakanninsu. Amsar tana kan leɓɓa. A zamna dole su haɗu su rufe, a zauna kuwa zagaye kawai suke yi. Haka kuma bambancin fari da hwari yana bayyana a siffar baki.

Mai karatu zai ce ai kunne ya isa. Yakan isa a ɗaki mai shiru, da mai magana mai cikakkun haƙora. A kasuwa, ga kukan babura ga iskar hunturu, ko a bakin tsohon da furucinsa ya sassauta, kunne yakan ji abin da ya saba ji. Ido ma yana tsoma baki cikin abin da kunne ke yanke wa hukunci. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun ɗora sautin “ba” a kan fuskar da ke furta “ga”, sai masu sauraro da yawa suka ce “da” suka ji. Ke nan bidiyon da ya ɓata motsin leɓɓa yana iya karkatar da abin da mai rubuta bayanai zai rubuta.

Lissafin ba shi da wuya. Silima ta tsaya a kan hotuna 24 a daƙiƙa tun zuwan fim mai magana. Talabijin a Nijar da Nijeriya ya ginu a kan 25, saboda wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Amurka, mai wuta 60, ta ɗauki kusan 30. In aka raba daƙiƙa gida 1000, hotuna 25 na nufin hoto ɗaya a kowane kashi 40, hotuna 50 a kowane 20, hotuna 12 kuwa a kowane 83. Mutum a hira yakan furta gaɓoɓi huɗu zuwa shida a daƙiƙa, rufewar leɓɓa kuma ɗan yanki ce kawai ta gaɓa guda. A hotuna 50 za ka ga leɓɓa suna tahowa, suna haɗuwa, suna rabuwa. A 25 za ka sami hoto ɗaya ko biyu. A 12 kana iya ganin baki buɗe, hoto na gaba ma buɗe, alhali an rufe shi a tsakani.

Na ga wannan da idona a wani ƙauye da ke tsakanin Ƙonni da Malbaza. Wani magidanci ya ba ni bidiyon kakansa, wanda ya rasu shekaru da dama, yana ba da labarin da ya ji daga iyayensa na yadda rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899. An ɗauke shi a zaure bayan la'asar da ƙaramar waya irin ta da, mai ajiye bidiyo a tsarin 3GP, sannan ya bi ta hannun masu tura waƙoƙi da fina-finai a katin waya, daga baya ya shiga WhatsApp. Kwamfuta ta nuna mini hotuna 12 ne a daƙiƙa. Tsohon ya furta kalmar sauka sau da yawa, muryarsa kuma tana rawa tsakanin sabka da sauka. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, bakinsa ya zama wani dunƙulen duhu mai murabba'ai. Iyalinsa suna kallonsa suna hawaye, domin a wurinsu kakansu ne sak. Ni kuwa na rubuta labarin, na bar gurbin furucin fanko, kuma babu mai iya cike shi yanzu.

Waɗancan murabba'ai aikin matsewa ne. Hoto guda mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana cin fiye da megabait 6 in ba a matse shi ba. A hotuna 25 a daƙiƙa, minti ɗaya ya haura gigabait 9, abin da babu wayar talaka da za ta ɗauka. Saboda haka tsare-tsare irin su H.264, wanda aka kammala a 2003, sukan ajiye cikakken hoto jefi-jefi kawai, sauran kuma su rubuta abin da ya canza daga maƙwabtansu. Bangon zaure da bai motsa ba kusan kyauta yake tafiya. Abin da ke motsi shi ne mai tsada, kuma shi ake fara sassaƙewa in kason bayanai ya yi kaɗan. A fuskar mai magana, baki ne ya fi kome motsi. Duk lokacin da aka sake juya bidiyon zuwa wani tsari ko wata manhaja ta sake matse shi, sai a ƙara sassaƙar abin da aka riga aka sassaƙe.

Akwai ciniki a nan. Ninka yawan hotuna ba ya ninka nauyin bidiyo daidai wa daida, domin hotunan da ke kusa da juna sun fi kama da juna, bambancinsu kaɗan ne. Amma in kason bayanai a ƙayyade yake, kowane hoto rabonsa raguwa yake yi. Mai kallo na yau da kullum yakan auna kyau da tsabtar hoto da hasken launi. In malami ne zaune yana wa'azi, ƴan hotuna masu tsabta sun ishe shi. In kokawa ce ta neman takobi, sai ya koka da zarar hotunan sun yi ƙaranci, domin kayen yakan wuce bai ga dabarar da aka yi ba. Mai nazarin furuci ɗan kallon kokawa ne a wannan fuska, sai dai fagensa bai wuce faɗin yatsu uku ba. Yana bukatar yawan hotuna da tsabtarsu gaba ɗaya, kuma bidiyon da kowa ya yaba yana iya zama marar amfani gare shi.

Ɗaga lamba a waya kawai ba ya warware matsalar. Hotuna 60 a daƙiƙa na nufin kowane hoto yana da ɗan lokaci ƙalilan na tara haske, don haka a zaure mai duhu hoton yakan cika da ƙura-ƙura, matsewa kuma ta ɓarnatar da kasonta wajen ajiye su. Wayoyi da yawa sukan rage yawan hotuna da kansu in haske ya yi ƙasa, ba tare da sun sanar ba. Irin wannan bidiyo mai saurin da ke hawa da sauka yakan sa murya da hoto su saɓa a manhajar ELAN, wadda cibiyar Max Planck ta Nijmegen ta samar, alhali muna son daidaita su da abin da Praat ke nunawa. Ƙarƙashin wasu fitilun lantarki kuma, ɗauka a 30 ko 60 takan haifar da ƙyaftawa saboda saɓani da wutarmu ta 50. Manhajojin da ke ƙirƙiro hotunan tsakiya don bidiyo ya yi santsi kuwa hasashe suke yi. Leɓen da na'ura ta zana ba ya zama hujja a kundin digiri.

Ga abin da nake yi yanzu. Ina zaunar da mai magana a inuwa mai haske, da safe ko da yamma kafin rana ta yi ƙasa, bayansa bango ne, ban da ganyen bishiya mai kaɗawa. Ina kafa na'urar a kan ƙafa don kada hannu ya girgiza ta, in matso har fuska ta cika rabin hoton, in ɗauka a 50 in na'urar ta yarda, in naɗi murya daban. Kafin mu fara ina tafa hannu sau ɗaya a gaban na'urar, domin in sami wurin haɗa murya da hoto. In zan aika wa malamina a Yamai, ina tura shi a matsayin takarda, wadda WhatsApp ba ya sake matsewa. Asalin kuma ina ajiye shi wuri biyu, in ba iyalin mai maganar nasu kwafin.

Roƙona ga sassanmu shi ne a shigar da wannan bayani cikin darasin dabarun bincike, a kuma bukaci kowane kundi ya faɗi yawan hotuna a daƙiƙa da hanyar da bidiyon ya bi, kamar yadda ake faɗin shekarun mai magana da garinsu. Masu sha'awar maganar hannu ta kurame, wadda Constanze Schmaling ta bayyana ta Kano a littafinta na 2000, sun fi mu bukatar wannan, tunda harshen nasu dukansa motsi ne. Tsofaffin da ke cewa amre da ɗamre ba tare da sun taɓa jin kunyar furucinsu ba suna nan a Tajaye da Dogarawa, amma kowace shekara raguwa suke yi. Wanda zai buɗe bidiyonmu nan da shekara hamsin ba zai ga kome ba sai hotunan da muka ajiye masa.