Hanya ba ta mutuwa sai an nome ta

Da rani, wani dattijo ɗan Sanam ya tahi Yamai wurin ɗansa, malamin lakkol. Daga can suka shiga mota zuwa Doso, wurin suna. Gefen gudron, tsohon ya ga ƙarfen jirgin ƙasa ya miƙe, ciyawa ta rufe shi, awaki suna kwance bisa.

Ya ce: "Kai yaro, ina jirgin?"

Ɗan ya ce: "Baba, an fara aikin a 2014, an gama a 2016, wajen kilomita 140. Amma jirgi bai shiga jigila ba."

Tsoho ya ce: "Ashe hanya ta mutu."

Sai ɗan ya ba shi labarin wasu ƙasashe. A Amurka, cikin jihar Wiskonsin, da jirgi ya daina bin hanyar Elroy zuwa Sparta, an cire ƙarfe, an daidaita ƙasa. A 1967 aka buɗe ta ga masu keke da masu tahiyar ƙasa, kilomita 52. Hanyar jirgi ba ta da hawa mai wuya, ko tsoho shina iya bin ta. A 1983 suka yi doka: ana iya barin irin wannan fili ɗungum, ba a yayyanka shi ba, don in an so jirgi gobe a iske wuri. Faransa ma ta yi haka a 1997, tsakanin Givry da Cluny.

Dattijo ya yi shiru. Kurfey ba ta taɓa ganin jirgi ba, amma tana da burtali. Shina yaro, ta nan ya riƙa kora shanun ubansa zuwa kasuwar Filinge, garke biyu su gitta ba su haɗu ba. Yau kowa ya ci taki ɗaya, har wani wuri sai jaki guda. In damina ta faɗi, shanu su shiga hatsi, sai faɗa, sai gaban maigari.

Kuma ya san shi kansa ya ci taki uku.

Da ya koma gida bai tara kowa ba. Kafin ruwan shuka ya ɗauki hauya, ya maida iyaka inda ubansa ya bar ta, ya dasa aguwa. Dammai biyu ya rasa bana.

Maƙwabcinsa ya yi mashi dariya. Har yanzu nashi gefen bai motsa ba.